Ranar da Aka Ce wa Guduma Ta Danna

A gidanmu ba a buga ƙofa. Ba a jefa makulli a kan tebur, ba a dire bokiti, kuma in ka gaisa da Babanmu sai ka rantse auduga ya miƙo maka. Sarin ƙwai muke yi tun zamanin kakana. Siton yana manne da gidan, kiret a kan kiret har kusa da silin, kuma duk wanda aka haifa a cikinmu da hannu mai sanyi yake tasowa. Yayana yana sauke kaya daga mota da tulin kiret a kafaɗa yana amsa waya, ko ɗaya ba ya tsagewa. Umma tana gwara ƙwai biyu a hankali kusa da kunnenta ta gaya maka wanne ne mai tsaga. Baba kuwa da yatsu uku yake ɗauka, ya ɗaga wa fitila ya leƙa, ya ajiye a gurbinsa kamar mai kwantar da jariri.

Sai ni. Ban san daga ina na kwaso nawa hannun ba. Tun ina yarinya in na riƙe kofi sai mariƙin ya biyo ni, in na murɗa famfo sai an nemo mai gyara. Ranar da na taya Yaya lodi na tuntsurar da jeri guda na kiret, har ƙwai ya malala ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ranar Baba ya raɗa mini suna Guduma. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Salatif mai ruwan ɗorawa ya ɗauko ya manna a ƙasa, daga wannan bango zuwa wancan, a bakin siton, ya ce, "Daga yau nan ne iyakarki." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma na girma, na gama makaranta, salatif ɗin in ya ɓare sai a manna sabo, kuma ba zan ɓoye ba, duk sabon da aka manna sai ya yi mini ciwo.

Tunda ba a yarda in taɓa kaya ba, sai aka ba ni kujerar amsa waya a ɗan lungun da muke kira ofis, can wajen layin. Akwai tebur, akwai fanka mai kuka, akwai baƙar kwamfuta mai akwati a ƙarƙashin teburin. A nan na koya wa kaina zane mai motsi, tsakanin kiran mai shago da ke son a kawo masa kaya da na mai gidan burodi da ke ƙorafin an ba shi ƙanana. Abin da ya sa na ƙaunaci allo shi ne, in ka fasa ƙwai a cikinsa, maɓalli biyu za ka danna ya dawo lafiyayye, kuma babu mai kallonka.

Da wani sutudiyo da ke yi wa yara katun ya yi shelar yana neman sababbin masu zane, sai na ji kamar sunana aka kira. Sharaɗin ɗaya ne: ka tura gajeren fim da ka yi da hannunka, in ya yi musu su ɗauke ka. Ni kuwa ina da fim. Labarin wani ƙwai ne da ya faɗo daga motar kaya ya yi ta gangarawa cikin gari yana neman hanyar gida. Na zana komai, na saka sauti, na saka kiɗa. Abu ɗaya ya rage, kwamfuta ta haɗa zanen duka ta fitar da fim guda da za a iya kallo. A nan tsohuwar kwamfutar ta ce ba ta san zance ba.

Akwai wuri a tsakiyar fim ɗin da ƙofar motar ke ɓallewa, dubban ƙwai su kwararo kan titi, wasu na tsalle, wasu na fashewa. Wurin da na fi so ke nan. Da na ce ta fitar, sai koren layi ya fara tafiya a allo, a hankali, a hankali, yana zuwa daidai ƙofar motar nan sai ya tsaya cak. Fankar cikin akwatin ta yi ta ihu, maus ya daskare, daga nan manhajar ta rufe kanta ko sallama babu. Na gwada da safe, na gwada da rana, na lallashe ta, na zage ta. Na rage ƙwan, sai wurin ya zama kamar an zubar da kayan miya, na mayar da su.

Anti mai gyara ce ta gano ciwon. Shagonta yana cikin jerin masu sayar da waya, ɗan siriri ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje, kullum yana warin dalma. Da na kwatanta mata sai ta ce, "Ram ɗinki ne ya yi kaɗan."

"Anti, wuri fa na nan da yawa a ciki. Ko rabi ban cika ba."

"Wannan sito ne, ƙanwata. Sitonki da faɗi. Teburin da ake baza kaya a ware su shi ne ƙarami. Ram shi ne teburin. Ke kin kwaso ƙwan mota guda kin ce ta baza a kan faranti, ya za ta yi? Dole ta zube."

Ban taɓa jin an yi mini bayanin kwamfuta da yaren gidanmu ba. Nan take na ce ta yi mini odar babban tebur. Ta yi, amma kayan suka yi ta jan ƙafa a hanya, sai ranar da sutudiyon zai rufe karɓa, da hantsi, ta kira ni ta ce sun iso. In aka tashi daga aiki a ranar ban tura ba, shi ke nan, ni da kujerar amsa waya sai abin da hali ya yi.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na tsallake kwata, na ratsa tsakanin motoci, wani mai kurar ruwa ya yi mini Allah ya isa ban ko waiwaya ba. Na tarar da shagon cike, Anti na zaune da ƙafarta cikin filasta a kan kwali, don ta zame a matattakala a makon. Ta miƙo mini 'yar leda mai sheƙi. A ciki akwai 'yan sanduna biyu koraye, kowanne bai fi tsawon matajin kai ba, da haƙora masu ruwan zinare jere a gefe ɗaya.

"Su ke nan?" na ce. "Waɗannan 'yan abubuwan?"

"Su ke nan. Daga giga takwas za ki koma talatin da biyu. Da ƙafata lafiya da na bi ki na saka miki, amma ba wani aiki ba ne. Ki zare wayar wuta daga bango. Ki taɓa ƙarfe kafin ki taɓa su. Ki buɗe 'yan fararen kunnuwan da ke gefen gurbin, ki ciro tsohon, don ba zai yi tafiya da waɗannan ba. Ki duba giɓin da ke tsakiyar haƙoran, ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Sai ki..."

Wani mutum ya turo mata waya mai fasasshen gilashi har kan hancinta yana cewa tun ɗazu yake tsaye. Ni kuma ƙafafuna sun riga sun fita. Na ɗaga mata hannu na ce na gane, na gane, na kwasa da gudu.

Na shiga gida ina ɗaga ledar sama kamar na ciyo kofi. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, Yaya ya ajiye kiret, Baba ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Duk sun san da maganar fim ɗin, don na hana kowa sakat da ita, ko da yake babu wanda na bari ya gani. Na durƙusa na jawo akwatin kwamfutar daga ƙarƙashin tebur, na ɗauko sukurdireba cike da murna.

"Dakata," in ji Baba. "Wa zai saka?"

"Ni mana, Baba."

Yaya ya dubi silin. Umma ta dubi ludayinta. Baba ya miƙo tafin hannu, ya karɓi sanda ɗaya da yatsu uku, ya ɗaga wa haske ya leƙa, har da juya shi, kamar zai ga ɗan tsako a ciki.

"Abin nan ya fi ɓawon ƙwai siranta," ya ce. "Guduma, ba raini ba ne. Amma yau ce ranarki, kuma biyu ne kacal. In ɗaya ya karye fa?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna da mariƙin kofi, da famfo, da ƙwan da ya malala ta ƙarƙashin ƙofa. Gaskiyar magana ni kaina ban taɓa buɗe cikin akwatin nan ba. Abin da ke kan allo na sani, cikin kuwa kullum Anti nake bar wa, don ina tsoron hannuna fiye da yadda suke tsoronsa. Na miƙa masa ledar.

Baba ya ce ofis ba haske, a kai kwamfutar teburin ware ƙwai, ƙarƙashin babbar fitila. Yaya ya rungumi akwatin ya shiga da shi cikin sito. Na bi bayansa, ina zuwa bakin salatif ƙafata ta tsaya da kanta. Babu wanda ya ce in tsaya, sabo ne. Daga nan bayan Baba kawai nake gani da kan Yaya, sai na koma mai ba da umarni daga nesa.

"Baba, ka taɓa ƙarfe tukuna!"

Ya wanke hannu, ya goge, ya dafa ƙafar teburin da girmamawa.

"Ka buɗe fararen kunnuwan! Ka ciro tsohon!"

"Ya fito. Ko motsi bai yi ba."

"Ka duba giɓin, ta fuska ɗaya yake shiga!"

"Na gani. Kamar ƙwai ne, tsinin ke kallon ƙasa."

Ina jin numfashin Umma a bayana. Can Baba ya miƙe, ya ja da baya, fuskarsa fal da jin daɗi.

"Sun zauna," ya ce. "Ko ƙara ba su yi ba."

Yaya ya ce wallahi ko likita sai haka. Aka mayar da murfi, aka dawo da ita ofis, na jona wayoyi ina waƙa. Duk suka jeru a bayan kujerata. Na ce, "Ku shirya, yau za ku ga gudu," na danna maɓallin kunnawa.

Fanka ta juya. Allo bai kawo komai ba. Sai wani kuka ya fito daga cikin akwatin, tiit, tiit, tiit, irin wanda ban taɓa ji ba tunda nake da ita.

Na kashe, na kunna. Tiit, tiit, tiit. Na duba wayar allo, na zare na mayar. Baƙi ƙirin. Yaya ya ce wataƙila sababbin ne ba su da kyau, a mayar da tsohon a gani. Aka sake ɗaukar ta zuwa sito, Baba ya ciro sababbin, ya kwantar da tsohon a gurbinsa, aka dawo. Na danna. Tiit, tiit, tiit. Tsohon da ya yi shekaru yana aiki, shi ma ya ƙi.

A nan ne na tsorata da gaske. Fim ɗina yana ciki. Ko da an ciro mini shi, ina zan samu wata kwamfutar mai manhajata kafin yamma? Na kira Anti, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira. Yaya ya ce a hura mata iska. Umma ta ce a bar ta ta huta, wataƙila ɗauke-ɗauken ne ya juya mata ciki. Na ce musu kwamfuta ce, ba kaza ba ce, kuma na faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ake magana a gidanmu.

Baba ya ja gefe. Ya zauna a kan wani kiret da babu komai a ciki, ya buɗe hannuwansa a kan gwiwa yana kallon su. Mutumin da tunda nake ban ga ya fasa ko kofin shayi ba. Ya ce, can ƙasa, "Ni na kashe mata." Haushin da nake ji ya zube, tausayinsa ya kama ni, har na rasa wanda zan fara yi wa kuka, shi ko fim ɗin.

Sai wayata ta yi ƙara. Anti ce. Na buɗe murya yadda kowa zai ji, na zayyana mata komai ba tsayawa, har da kwaikwayon kukan.

"Tsaya, tsaya," ta ce. "Da aka saka, kun ji ƙas?"

Baba ya ɗago kai. "Ƙas kuma?"

"Ina wuni, Baba. Ƙas nake nufi. In ya shiga sosai, kunnuwan nan za su rufe da kansu, ku ji ƙas, ta nan da ta can."

"'Yar nan," in ji Baba, "a gidan nan in aka ji ƙas, asara aka yi."

Anti ta yi dariya har sai da ta yi tari. "To a cikin kwamfuta in ba a ji ƙas ba, ba a yi komai ba. Ɗora shi kawai kuka yi a bakin gurbi, haƙoran ba su taɓa komai ba. Babu abin da ya mutu. Kuka take tana cewa ba ta ga ram ba. Ku sa manyan yatsu biyu, ɗaya a kowane gefe, ku danna. Ku danna da gaske, har ku ji kamar za ku karya shi."

Na daka tsalle har na ture kujera. Babu abin da ya mutu! Yaya ya riga ya sunkuci akwatin, muka ɗunguma zuwa sito, na ci burki a bakin layi.

Baba ya ciro tsohon, ya jera sabon a gurbi, ya ɗora manyan yatsunsa. Daga inda nake ina ganin kafaɗunsa sun tashi. Ya ja numfashi. Ya sake ja. Ya ce, "Na danna."

"Baba, ba mu ji komai ba."

Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya. Can ya cire hannu ya girgiza kai. "Yatsun sun ƙi. Ina ce musu su danna, da sun ji abin ya fara turjewa sai su saki da kansu. Ba su saba ba."

Yaya ya ce a ba shi wuri, ya naɗe hannun riga kamar zai ɗaga mota. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ya ɗora yatsu, ya cije leɓe, ya rufe ido, ya yi wani nishi, da ya ɗaga hannu sandar tana nan yadda take, ko gezau. Ya ce abin nan lanƙwasawa yake yi, shi ba zai ɗauki alhaki ba. Aka dubi Umma. Ta ɓoye hannuwanta a bayanta ta ce kada ma a fara.

Daga cikin wayar da ke hannuna Anti ta ce, "Wai duk gidan babu mai ƙarfi ne?"

Su uku suka juyo a tare suka dube ni.

"Zo," in ji Baba.

Na dubi salatif ɗin. Na ɗaga ƙafa na tsallake shi kamar mai tsallake kwata, na bi tsakanin jerin kiret da gwiwar hannuna manne a jikina, ko numfashin kirki ba na yi. Ban taɓa ganin teburin nan kusa haka ba. Ga cikin kwamfutata a buɗe ƙarƙashin fitila, ga ƙura a kan fanka, ga 'yar koriyar sanda tsaye a bakin gurbi, kunnuwa a buɗe. Na taɓa ƙafar tebur. Na ɗora yatsuna. Sai tsoro ya kama ni, duk abin da na taɓa fasawa ya dawo mini, na ji ni ma hannun yana neman ya yi sanyi.

Baba ya matso daidai kunnena. "Ba irin namu ba," ya ce. "Irin naki. Danna, Guduma."

Na danna.

Ƙas! Ƙas!

Umma ta saki salati, ludayin ya faɗi. Yaya ya duba kiret ɗin da ke kusa da shi, don jikinsa ya ba shi wani abu ya fashe. Ni kuwa ina kallon fararen kunnuwan nan biyu sun rufe ruf, sun rungume sandar. Na ɗauki ta biyun, na duba giɓi, na jera, ban jira kowa ba. Ƙas! Ƙas! Anti na ihu daga cikin waya, "Yauwa! Haka nake so in ji!"

Ko murfin ba mu tsaya mayarwa ba. Ni na ɗauki akwatin da kaina zuwa ofis, babu wanda ya ce in ajiye. Na jona, na danna. Fanka ta juya. Babu tiit. Allo ya yi haske, kafin in gyara zama har ta gama buɗewa, ita da a da nake kunna ta in je in haɗo shayi in dawo. Na duba inda take faɗin abin da ke cikinta, ga talatin da biyu nan ɓaro-ɓaro. Na buɗe fim ɗin, na ja maus, zanen ya bi hannuna sumul. Na ce ta fitar.

Koren layi ya tashi. Mu huɗu muka sa masa ido. Yana tafiya, yana tafiya, Yaya na cewa "Je ka, je ka," kamar mai kallon ƙwallo. Ya doso ƙofar motar. Ya ɗan rage gudu, fanka ta ɗaga murya, na ji Umma ta damƙe kafaɗata. Sai ya wuce. Ya wuce kamar ba a taɓa yin wata mota a wurin ba.

Wani abu ya yi ƙara, bam! Duk muka zabura. Baba ne ya daki tebur da tafin hannu, har kofin biro ya tuntsure. Ya dubi hannun nasa da mamaki, sannan ya sake dukan teburin, wannan karon da gangan.

Da fim ɗin ya fito na tura shi nan take, rana ba ta ko karkata sosai ba. Yana tafiya na ce to, su zauna su kalla. Suka yi dariya inda ƙwan ya ratsa tsakanin ƙafafun masu jiran mota. Da ƙofar ta ɓalle dubban ƙwai suka kwararo, Umma ta rufe ido ta ce ita ba za ta iya ganin wannan asarar ba, Yaya ya ce na tuna masa da wata rana. A ƙarshe ƙwan ya gangaro bakin wani sito, ya gaji, ya yi ƙura. Wani hannu ya sauko daga sama ya ɗauke shi da yatsu uku, ya ɗaga wa fitila, ya kwantar da shi a gurbinsa. Ban zana fuska ba, hannun kawai, da tabo irin wanda ke kan babban yatsan Baba. Baba ya cire tabarau ya yi ta goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Dab da tashi daga aiki wayar ofis ta yi ƙara. Na ɗauka da muryar kullum, ina jiran in ji kiret nawa. Wata mata ce, ta ce ita ce shugabar masu zane a sutudiyon, fim ɗina ne na ƙarshe da ya shigo, ta buɗe don ta ga ko ya buɗu, sai ta kasa rufewa.

"Na ga ƙwai da yawa sun fashe a katun," ta ce, "ban taɓa ganin wanda ya fashe kamar gaske irin naki ba. A ina kika koya?"

"Ranki ya daɗe," na ce, "na daɗe ina atisaye."

Ta ce in zo farkon mako in ga teburina. Na ajiye wayar, kuma don murna na ajiye ta irin tawa ajiyewar, har murfin batir ya yi tsalle. Na yi ihu, na rungume Umma har ta ce ƙashinta, ƙashinta. Yaya ya fita bakin titi yana gaya wa direban motar kaya da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da na juyo ban ga Baba a ofis ba. Yana bakin sito a durƙushe, yana kankare bakin salatif ɗin da farce. Ya samu ya kama, ya ja, ya ja, har ya ɓare shi daga wannan bango zuwa wancan, ya bar wani tsaftataccen layi a kan siminti. Ya dunƙule shi ya sa a aljihu. Sannan ya miƙe, ya ɗauko cikakken kiret daga saman jeri, ya miƙo mini.

"Kai wa mota," ya ce.

Idona ya cika, ban ma ganin gabana sosai. Na sa hannu biyu na karɓa, na riƙe shi da duk son da nake yi wa mutumin nan, kuma ina jin na riƙe da yawa.

Ƙas.

Gwaiduwa ta biyo babban yatsana tana gangarowa. Umma ta kama baki. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a sama. Baba ya sauke tabarau, ya leƙa kiret ɗin, ya leƙa yatsana, ya gyaɗa kai.

"Yauwa," ya ce. "Ya shiga. Wuce da sauran."